Godiya Bayan An Sallamo Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya aka sallamo Baba bayan kwana 19 a asibiti, an yi masa aikin karayar ƙugu lafiya. Alhamdulillahi. Wanda ya kira, wanda ya zo dubiya, wanda ya ba da jini, wanda ya kwana da mu a kan benci, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Da yawanku kun san shekara shida ke nan Baba na fama da cutar Parkinson, wadda wani likitan Landan, James Parkinson, ya fara bayaninta a 1817. Mutane rawar hannu kawai suke gani. Abin da ya kayar da shi kuwa ba ita ba ce: ƙafarsa ce ta kafe a bakin ƙofa kamar an manna ta da ƙasa, jiki ya yi gaba, ƙafa ta ƙi bi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma rashinsa ke sa saƙon motsi ya makara.

Godiyata ta musamman ga ma'aikaciyar jinyar dare. A kwana na biyu maganinsa na levodopa ya yi jinkirin awa uku, jikinsa ya sandare, ko haɗiyar yawu ta gagara. Na yi mata bayani hawaye na zuba, ba ta ce na cika naci ba. Ta rubuta lokutan maganin a jikin gadonsa, ta saita ƙararrawa a wayarta. Daga ranar bai sake wuce lokacinsa ba. Malama, ban san da me zan biya ki ba.

Bayan tiyatar Baba ya rikice, yana ganin mutane a ɗakin alhali ba kowa, yana kiran Mama da sunan yayarsa da ta rasu. Wallahi wannan ya fi karayar tsorata ni. Likita ya zaunar da mu ya ce cutar ba ta tsaya ga gaɓoɓi ba, tana taɓa barci, tunani da yanayin zuciya, kuma tiyata kan tayar da irin wannan ruɗewar. Bayan kwana huɗu ya dawo hayyacinsa. Likita, mun gode da ka yi mana magana da harshen da muka gane.

Sai Kawu, aminin Baba tun ƙuruciya. Cutar ta daskarar da fuskar Baba, ta rage masa murya, ta sa amsa kan ɗauke shi lokaci. Masu dubiya da dama sukan gaishe shi, kafin ya buɗe baki sun juyo gare ni suna tambaya, "Yana gane mutane kuwa?" Yana ji, kuma abin na yi masa ciwo. Kawu shi ne yake tambaya ya yi shiru, ya jira, ko da minti guda ne, har amsar ta fito. Ranar da Baba ya tsokane shi suka yi dariya tare, fita na yi waje na yi kukana.

Yanzu likitan fisiyo, mai koya wa marasa lafiya motsa jiki, ya koya masa ƙirga ɗaya, biyu in ƙafa ta kafe, kuma jiya da haka ya tsallake ƙofar ɗakinsa. Masu son zuwa dubiya, ku zo da hantsi, lokacin da magani ya kama jikinsa. In kun gaishe shi, don Allah ku jira ya amsa da kansa.