Keken haya ɗaya tsakanin garuruwa maƙwabta: yadda aka tsara shi a yankin Boston

Kogin Charles ne kawai ya raba Boston da Cambridge a Amurka, amma kowane gari da hukumarsa da kasafinsa. Ma'aikacin da ke kwana a wannan gaɓa yana aiki a waccan bai damu da iyaka ba, shi dai ya ari keke nan ya ajiye can. Shi ya sa tsarin da aka buɗe a Boston a 2011 da sunan Hubway, da kekuna 600 da tashoshi kusan 60, bai daɗe shi kaɗai ba. A 2012 Cambridge da Somerville da Brookline suka shigo. A 2018 sunan ya koma Bluebikes, daga baya Everett da Chelsea da Revere da wasu suka biyo.

Ginshiƙin abin shi ne rabon mallaka. Kowane gari shi ke sayen tashoshinsa da kekunansa, shi ke zaɓen inda za a kafa su, amma kamfani ɗaya ke gudanarwa, kayan iri ɗaya ne, kuɗin rajista ɗaya, manhaja ɗaya. Hukumar tsare-tsaren yankin, MAPC, ita ta taimaka wajen neman ɗan kwangila a madadin kowa. Wannan matakin ne ya kamata a fara da shi, domin idan kowa ya sayo nasa, keken wani gari ba zai kulle a gurbin maƙwabcinsa ba, kuma gyaran hakan daga baya asara ce babba.

Inda ake shan wahala shi ne daidaita kekuna. Da safe jama'a na gangarowa daga unguwannin kwana zuwa wuraren aiki irin su unguwar Kendall Square da ke Cambridge. Kafin hantsi tashar unguwa ta zama fayau, ta bakin ofis kuma ta cika maƙil, mai keke ya iso yana zagaye ba gurbin sawa, lokacin hayarsa na tafiya. Maganin biyu ne: a yi gurabe wajen ninki biyu na yawan kekuna, sannan a sa motoci suna kwashewa daga cikakkiyar tasha zuwa wadda ta ƙare. Motar nan tana ƙetare iyaka sau da yawa a rana, don haka dole yarjejeniya ta fayyace wa zai biya, da tsawon lokacin da aka yarda tasha ta zauna babu keke.

Tazara ma tana da ƙa'ida. Mita 300 zuwa 400 tsakanin tashoshi ita ce ke sa mutum ya amince zai samu wurin ajiyewa. Ƙaramin gari da ya shigo da tashoshi biyar a warwatse, nesa da na maƙwabcinsa, zai ga ba a hawa, ya ɗauka mutanensa ne ba sa so. Gara a jera su daga bakin iyaka zuwa ciki, a haɗa da tashar jirgin ƙasa.

Tashoshin yankin Boston galibi da hasken rana suke aiki, ana iya ɗaga su a sauya musu wuri. Paris ta sha bamban: da aka sauya ɗan kwangilar tsarin keken hayarta mai suna Vélib' a farkon 2018 aka shigo da kekuna masu lantarki, jona tashoshi da wutar gari ya ja dogon jinkiri, aka bar da yawa a kan batir, batiran suna mutuwa, mazauna birnin da garuruwan kewaye suka yi watanni ba abin hawa na kirki.