Kullen korona da maganin ido: wani ciwon baya jira

Lokacin da hukumar lafiya ta duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, gwamnatoci suka shiga ware wuraren da zasu zauna a buɗe da waɗanda za'a garƙame, kuma a wurare da yawa shagon gilashi da asibitin ido suna cikin masu "a jira tukuna". Ko a Amurka ƙungiyar likitocin ido ta ce a dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba a wannan watan. Ni ban ga laifinsu gaba ɗaya ba fa, likitan ido fuska da fuska yake aiki da mara lafiya, numfashi na haɗuwa, shi kanshi Li Wenliang na Wuhan da ya fara jan kunnen abokan aikinshi kan cutar ai likitan ido ne, kuma ita ta yi ajalinshi a Fabrairun 2020.

Amma yanar ido daban, hawan jinin ido daban. Mai yana in ya jira wata uku za'a mishi aiki ya gani tas, shi kuwa mai gilakoma, wato hawan jinin ido, da ke ɗiga maganin rage matsin ido irin timolol ko latanoprost kullum, kwalbar ta ƙare ba inda zai sayo, matsin ya hau yana cin jijiyar ido a hankali, galibi ba zafi ba komai, kuma wallahi abinda jijiyar ta rasa baya dawowa ko an buɗe gari. Sai kuma mai hange kusa-kusa da tabarau ɗinshi ya karye, ƙila ma nas ce ko direban motar asibiti, ka ce mata gilashi ba dole bane?

Wani abin takaicin shine mutane suka koma sayen maganin ɗigawa da ka, har da masu sitiroid, wani sinadarin rage kumburi, alhali shi kanshi yana iya tada matsin ido in aka daɗe akai. Masu saka lens kuma, wato ɗan siririn tabarau da ake ɗorawa kan ƙwayar ido, ruwan wankewa ya yanke musu wasu suka koma na famfo, wanda ke iya kawo gyambon ido.

Abinda ya yi aiki bai da wuya: likita ya sabunta takardar magani ta waya, a bada na wata biyu ko uku a tashi ɗaya, a kaiwa tsofaffi har gida, shagon gilashi ya buɗe da alƙawarin lokaci mutum ɗai-ɗai da takunkumi, sannan a bar ƙofa ɗaya a buɗe ga wanda ganinshi ya ɗauke farat ɗaya ko yake ganin walƙiya da duhu kamar labule.