Talata da dare: matattar caja ta fid da ni kunya

Tun bayan Asuba nake kan cajar batirin nan da nake haɗawa. Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, shi ne zai riƙa faɗa wa ɓangaren caji inda zai tsaya, amma ba na son ɓangarorin biyu su haɗa negetif, don kwamfutata na maƙale da Arduino ta USB. Kuskure ɗaya, sai hayaƙi.

Na zazzage kwalin matattun cajojin waya, na fasa uku kafin na samu wadda ke da PC817 da TL431 tare. PC817 ɗan ƙaramin abu ne mai isar da saƙo ta haske, a rufe cikin baƙar roba: gefe guda fitila, ɗaya gefen transisto, babu waya tsakaninsu, kuma takardarsa ta ce yana jure bolt 5,000. Sai na yi ganganci irin na mai sauri, na tura masa wutar kai tsaye, ina fatan abin da ya shiga shi zai fito. Da safe mita ta nuna abin da nake so. Kafin Azahar, da kwanon shago ya ɗau zafi, lambar ta fara tafiya da kanta. Na canza wani PC817, ya ba ni wata lamba dabam. Ba laifinsu ba ne: ƙarfin da suke wucewa da shi yana iya kamawa daga kashi 50 zuwa 600 cikin ɗari, zafi da tsufa kuma suna taɓa shi.

Yaron shago ya ce, "Oga, ba sai mu sayo IL300 ba?" IL300 ɗan'uwan PC817 ne da aka yi don irin wannan aikin, amma na ce masa ya fara zuwa Sabon Gari ya ji kuɗinsa, in ma ya samu.

Ina cin ƙosai dabarar ta faɗo mini. Kada in aika bolt ta cikin hasken, in aika lokaci. Arduino yana kunnawa yana kashewa kusan sau 490 a daƙiƙa, ni nake zaɓar tsawon kunnawar tsakanin 0 da 255. Aikin PC817 ya koma "kunne" ko "kashe" kawai, wanda ko gajiyayye zai iya. A ɗaya gefen na ɗauko wuta daga ƙaramar transfomar tsohuwar rediyo, TL431, wanda aikinsa daidaita bolt ne, ya tsayar da ita a bolt 2.495, bayan na tabbatar yana samun fiye da miliamp 1 da yake buƙata. Resisto 10k da kapasito 10µF suka lallaɓe bugun ya zama wuta mai santsi.

Nan ma na ɗan sha wuya. Kunnawa na rabin lokaci ya kamata ya ba ni kusan bolt 1.25, sai ya ƙi, saboda kapasiton na cika ta resisto biyu yana zubewa ta ɗaya. Na sa 74HC14, ɗan guntu mai juya sigina ya fitar da ita tsaf, a tsakani, tunda yana aiki daga bolt 2, na ciyar da shi daga TL431 ɗin. Ya gyara wannan, ya kuma mayar da siginar da PC817 ya juya.

Na kara kan ƙarfen narka dalma kusa da PC817 don in gwada shi da zafi. Mita ta tsaya a 1.24, ko gezau. Ana kiran Magariba aka ɗauke wuta, allon na nan kan tebur ban sa shi a akwati ba.