Ku ƙirga buhu, kada ku ƙirga sidi

'Ya'yana masu shirin buɗe shago a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi, a Ghana, ku matso ku ji yadda na cinye jarina a 2022, ina murna.

Shinkafa da mai da sukari nake sayarwa. A farkon shekarar dala ɗaya sidi shida ce da 'yan kai, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14. Na ce ina ruwana da dala, ni da ban taɓa riƙe ta ba? Na manta shinkafar shagona a tashar ruwa ta Tema jirgi ke sauke ta, kuma da dala ake biya.

Sai na tsaya a tsohon farashi, ina ɗora 'yar ribata kamar kullum. Maƙwabta na ƙari, ni ina cewa ba su da tsoron Allah. Mata suka yi dafifi a ƙofata, olonka (gwangwanin awo) bayan olonka, wasu da "Hajiya, sai ƙarshen wata". Da dare in kwance bakin zani in ƙirga kuɗi, in ga sun fi na jiya, in yi barci har da minshari.

Ranar da na shiga kasuwar Kejetia sari, kuɗin buhu 20 buhu 13 suka saya mini. Kayayo, mai dakon kaya, tana tsaye da kwanonta tana jirana, ni ina ta sake lissafi, wai ko yaron shago ne ya cuce ni. Babu wanda ya cuce ni.

Mai susu, mai karɓar ajiyata ta kullum, shi ma ya cika alkawari, ya cire na kwana ɗaya ya ba ni saura cif. Amma a Disamba hauhawar farashin kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a shekara, ajiyar ta rame a hannunsa.

To kafin ku faɗa wa mai saye farashi, ku kira wurin sari ku ji na yau. Ba ɓoye abinci nake nufi ba, wannan zalunci ne. Kuɗin jari dai kada ya yi mako a gwangwani ko a MoMo (asusun waya), ku mayar da shi kaya. Bashin wata guda kuwa, a irin wannan lokaci wani ɓangarensa kyauta ne. In za ku bayar, ku bayar da niyyar sadaka.

A gidana nama ya koma na Juma'a kawai, yara suka sha koko ba ƙosai har azumi. Tun daga nan, kowace Asabar da alli nake rubuta yawan buhuna a bayan ƙofar shago.