Tarihin Rayuwata (Kashi na 14): Aikin da Yaya Ya Kira Hira

Makon jiya na tsaya a inda na fara aikin kocin lafiya. Shekarun da suka biyo baya zan tsallake su, domin abin da ke ci mini rai daban ne. Har gobe Yaya yana cewa aikina hira ce, mutum ya zo ku yi ta surutu ya tashi ba allura ba ƙwaya. Ba shi kaɗai ke faɗa ba, don haka bari in warware muku zare da abawa.

Kocin lafiya ba likita ba ne. Ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, ba ya cewa a rage wanda likita ya bayar. Inda likita ya tsaya, nan yake ɗauka. An ce wa mutum ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki, ya samu isasshen barci. Ya ce to, ya tafi, bayan wata 3 ya dawo jiya i yau. Ya san abin da ya kamata, yin ne ya gagara.

Zaman farko yakan kai minti 45 zuwa awa guda, kuma galibi sauraro ne. Me ya sa yanzu kake son canji? Me ka taɓa gwadawa, a ina ya wargaje? Salon tambayar ya samo asali daga wani masanin halayyar ɗan Adam, William Miller, wanda ya bayyana shi a 1983 a aikinsa da masu fama da shan giya, daga baya suka faɗaɗa shi da abokin aikinsa Stephen Rollnick. Sun lura cewa idan ka matsa wa mutum da nasiha, sai ya koma kare halinsa, amma idan dalilin ya fito daga bakinsa ya fi riƙe shi.

Sai a yanka buri. "Zan riƙa motsa jiki" ba ya zama alkawari. Wanda ake rubutawa shi ne: tafiyar minti 10 bayan abincin dare, Litinin, Laraba da Asabar. Daga nan koci ya tambaya, daga 0 zuwa 10, nawa ka yarda za ka iya? Idan ya ce ƙasa da 7, a rage, ko da zuwa minti 5 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, amma wanda ya shekara a zaune, da hawa-hawa ake kai shi can. Marigayiya Inna takan ce sannu ba ta hana zuwa. Yaya ma daga bakinta ya ji, shi ya sa maganarsa ta fi yi mini ciwo.

Abin da ya fi rusa aikin shi ne ɗaukar kaya uku a rana ɗaya: abinci, barci, taba, duk daga gobe. Ko kuma burin ya zama na miji ko na mata, ba na mai jikin ba. Sai wanda ya tsallake rana guda ya ce ai ta ɓaci, ya watsar. Wani bincike da aka yi a Landan ya nuna sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe shi. Saboda haka ake haɗuwa duk mako ko bayan mako 2, a duba abin da ya yiwu kafin abin da ya faskara.

Ga masu cewa hira ce: a 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa. Waɗanda aka haɗa da masu bibiyarsu, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Na waɗanda aka ba metformin, wato maganin rage sukari, ya ragu da kashi 31. Da Inna na raye da ta ce ai ta faɗa.

Irin waɗannan aikin ya fi amfana, da masu hawan jini, da masu son barin taba, da waɗanda aiki ya hana barci. Amma mai ciwon ƙirji, ko mai matsananciyar damuwa har yana tunanin hallaka kansa, ko wanda ke ƙin abinci yana ramewa, asibiti za a tura shi a ranar. Mai allurar insulin kuwa sai likitansa ya sani kafin ya ƙara motsa jiki, domin sukarinsa na iya faɗuwa.

Akwai masu kiran kansu koci a intanet suna tallar ƙwayoyi, har su ce wa mai hawan jini ya ajiye maganinsa. Su suka ba Yaya bakin magana, kuma a kansu zan ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.