Ƙafafun mai aski da yogar Indiyawa

Duk mai sana'ar tsayuwa ya san yadda ƙafa take komawa bayan la'asar: nauyi, zugi, takalmin da ka sa da safe ya fara matse ka. Mu masu aski da malaman makaranta da ma'aikatan jinya duk kanwar ja ce. Ni har jijiyoyin bayan gwiwata ta hagu sun taso sun murɗe, ga ƙaiƙayi da dare.

Likitan da ya duba ni ya warware mini abin. Jinin ƙafa sama yake hawa zuwa zuciya, kuma a cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙofofi da ke rufewa don kada ya zame ya koma ƙasa. Tsokar sharaɓa ce famfon da ke tura shi duk lokacin da ka taka. In ka ƙame wuri ɗaya tun safe, famfo ya tsaya, jini ya taru, jijiya ta buɗe, ƙofofin su daina haɗuwa. Gado da ƙiba da juna biyu duk suna ƙara wa abin ƙarfi.

Wani da nake yi wa aski ne ya kawo mini zancen yoga, wato wani salon motsa jiki da daidaita numfashi. Daga Indiya ta fito, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni tun 2014. Na ɗan yi jim, don tushenta na haɗe da ibadar Hindu. Sai na ɗauki motsa jikin kawai, surkullen na bar wa masu shi.

Wanda ya fi yi mini amfani shi ne wanda suke kira viparita karani. Sunan ne babba, aikin ba wuya: ka kwanta rigingine a tabarma, ka matso da ƙugu jikin bango, ka miƙe ƙafafu sama ka jingina su, kana numfashi a hankali kamar minti 10. Bayan isha'i nake yi, yara na ta dariya. A shago kuma, kafin wani ya hau kujera, sai in yi ɗage a kan yatsu in sauko, in maimaita, in jujjuya idon sawu.

Amma masu tallar yoga a intanet suna cika baki. Nauyi da kumburi sun ragu, wannan gaskiya ne; jijiyoyin kuwa suna nan yadda suke, don ƙofar da ta lalace motsa jiki ba ya gyara ta. Wannan sai asibiti: allura, ko ƙona jijiyar daga ciki, ko tiyata. Safar nan mai matsewa da ake ba masu irin wannan matsalar jijiya ma ina sa ta, duk da azabar da take ba ni a zafin bazara.

In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da ciwo da zafi, ko gyambo ya ɓullo kusa da idon sawu, kada ka tsaya jingina ta a bango ko matsa ta. Na farkon zai iya zama gudan jini ne ya toshe jijiyar ciki, ranar nan ka nufi asibiti.