Kamfanoni da yawa a kan saba ɗaya: sana'ar buɗe wa mutane imel

Yawancin masu shigowa ofishinmu da ke titin Gidan Zoo shafin intanet suke zuwa nema, wanda za a buga a katin kamfani. Sai hira ta yi nisa ake gano cewa abin da ya fi damunsu shi ne adireshin da suke aika takardun ciniki da shi. Ɗan kasuwar Dawanau mai fitar da riɗi da zoɓo waje, in ya aika takardar farashi daga adireshin Gmail mai ɗauke da laƙabinsa da shekarar haihuwarsa, mai sayen can kallon ɗan damfara zai fara yi masa. Haka ɗan kwangilar da ya yi rajista da CAC, haka mai makarantar kuɗi. Kowa so yake a ga sunan kamfaninsa bayan alamar @.

Ba kowane kamfani ake kafa wa sabarsa ba, wato kwamfutar da ke karɓar imel tana ajiyewa, kuɗin ba zai fita ba. Saba ɗaya muke haya a wata cibiyar ajiyar bayanai a Turai, mu ɗora mata domen ɗin kamfanoni da dama, wato sunan nan da ke zuwa bayan alamar @. Ba matsalar wuta kaɗai ta hana mu ajiye injin a Kano ba. In saba ta mutu na ɗan lokaci, mai aikowa yakan yi ta sake gwadawa har kwana huɗu ko biyar, wasiƙa ba ta cika ɓata ba. Babbar matsalar ita ce lambar IP, wato lambar da ake gane inji da ita a intanet, ta layin gida ko na shago: manyan masu karɓar imel ba su yarda da ita ba tun asali.

Tsarin tamkar gidan haya ne. Ƙofar waje ɗaya ce, amma kowane kamfani da sashensa, kowane ma'aikaci da ɗakinsa da makullinsa. Manhajar Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, ita ke karɓar wasiƙa da aikawa. Dovecot kuma ita ke duba kalmar sirri ta buɗe wa mutum akwatinsa a waya ko kwamfuta. Masu akwatunan nan ba su da asusu a kan injin kansa. Sunayensu na cikin rumbun bayanai ne kawai, a jeri uku: na domen ɗin da muka yarda mu karɓar wa wasiƙa, na akwatuna, sai na adireshin da ba su da akwati, ana dai miƙa abin da ya zo musu ga wani. Shi ya sa kamfani goma za su iya samun info@ babu wanda ya ga wasiƙar wani, kuma shi ya sa dole a shiga da cikakken adireshi, ba rabinsa ba. Rabin kiran da muke samu a makon farko a kan wannan ne.

Ƙara sabon domen a jerin nan aikin mintuna kaɗan ne, yaron da ya yi wata biyu a wurinmu ma zai iya. Inda ake zufa shi ne sa duniya ta yarda da wasiƙar.

Da farko a je wurin da aka sayi sunan, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin hukumar NiRA, a rubuta bayanin MX mai nuna cewa wasiƙun wannan suna wurinmu za a kawo su. Sai SPF, mai faɗin injinan da aka yarje wa aikawa da sunan kamfanin. Sai DKIM, sa hannun sirri da saba ke manna wa kowace wasiƙa, kuma kowane domen muna yi masa makullinsa daban. Sai DMARC, mai gaya wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta faɗi waɗancan gwaje-gwaje biyu. A da wasu abokan sana'a kan tsallake duk wannan su sha. Tun Fabrairun 2024 da Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida, wanda bai yi ba, wasiƙarsa ko dai a dawo masa da ita ko ta faɗa akwatin tarkace, inda babu mai leƙawa.

Duk da haka, dukkanmu da lambar IP ɗaya muke fita. In aka sace kalmar sirrin sakataren wata makaranta, ɓarayi suka kwana suna watsa saƙonnin damfara da akwatinsa, kafin asuba Spamhaus, ƙungiyar da ke sa ido kan masu watsa tarkace, na iya sa lambar a jerin waɗanda ba a karɓar saƙonsu. Da safe mai kirana ba mai makarantar ba ne. Wani alhaji ne a Kantin Kwari da bai san hawa ba bai san sauka ba, odarsa ta atamfa ta ƙi isa China. Saboda haka muka ƙayyade yawan wasiƙar da akwati ɗaya zai iya aikawa a awa, kuma ba ma karɓar lambar waya ko sunan ɗa a matsayin kalmar sirri, duk girman mai akwatin.

Abu biyu nake yawan jayayya da abokan ciniki a kansu. Na farko, wani zai ce a buɗe masa yadda duk abin da aka rubuta kafin @ zai shigo, ko an yi kuskuren suna. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, yanzu wasiƙar da ba ta da mai ita tun a bakin ƙofa ake mayar da ita. In na yi abin da kake so, masu watsa tarkace za su yi ta cankar sunaye, duk kuma kanka za su sauka." Wasu su haƙura, wasu su ce, "Injiniya, kai dai yi." Sai in yi, bayan wata guda su dawo da kansu.

Na biyun ya fi wuya, domin mai neman yana da gaskiyarsa. Ya saba da Gmail a wayarsa, yana so a riƙa tura masa komai can. Amma in sabarmu ta tura, har da tarkacen da ya sulale take turawa, Google kuma mu zai gani a matsayin masu aikowa. Gara in zauna da shi in saka akwatin kamfanin a cikin manhajar Gmail ɗin wayar tasa ta hanyar IMAP, tsarin da waya ke karanta wasiƙa da shi kai tsaye daga saba. Fuskar da ya saba gani ce, wasiƙun kuma suna nan wurinmu.

Akwai shawarar da nake ba 'yan Dawanau wadda ba ta shafi saba ba. Su gaya wa masu sayen kayansu tun farko cewa lambar asusun banki ba ta canjawa ta imel, sai an yi waya an ji murya. Ɗan damfara kan sayi suna mai kama da naka, harafi ɗaya ya bambanta, ya yi masa SPF da DKIM nasa tsaf, ya aika takardar biyan kuɗi da asusunsa. Babu saitin da zan yi a sabarmu ya tare wannan.

Batun riba, sai godiya. Hayar saba da kuɗin waje ake biya, mu kuma naira muke karɓa sau ɗaya a shekara, kuma tun da aka saki farashin canji a Yunin 2023 lissafin ya rikice. Ga kuɗin saba ta biyu da ake kwafe wasiƙu a cikinta kullum dare, wadda abokin ciniki ba ya ganin amfaninta sai ran da akawunsa ya goge wasiƙun shekara guda.

Domen kuwa da sunan mai kamfani muke yi masa rajista, da lambar wayarsa, mu miƙa masa bayanan shiga a rubuce. Mun sha karɓar mutanen da wani yaro ya saya musu suna da asusunsa, ya bar gari, wa'adin shekara ya cika ba a sabunta ba, imel ya tsaya cak ana tsakiyar kakar riɗi. In an yi sa'a sunan bai faɗa hannun wani ba, amma sai an nemo yaron an lallashe shi kafin mu iya taɓa komai.